Rijiya, lakwal ko gidan likita: shin ana iya auna abin da jama'a suka fi so?

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, komin irin ta Garhanga, a cikin gundumar Keita, ta samu hurumin tsara ayyukanta na raya ƙasa. Kuɗi ba su isa a yi komai lokaci guda, dole a zaɓi na farko. Sai a tara jama'a a ce kowa ya jera bukatunsa, a bi rinjaye. Amma lissafi ya nuna rinjaye kan iya ruɗewa.

A ɗauka gari ya kasu gida uku daidai. Makiyaya sun ce rijiya, sannan gidan likita, sannan lakwal. Mata sun ce gidan likita, lakwal, rijiya. Samari kuwa lakwal, rijiya, gidan likita. In aka kara rijiya da gidan likita, rijiya ta ci da kashi biyu cikin uku. Gidan likita ya kada lakwal da irin wannan rinjaye. Hankali zai ce ke nan rijiya ta fi lakwal. Ina! Mata da samari sun haɗu, lakwal ta kada rijiya. Kowane rukuni ya san abin da yake so, amma zaɓin garin kewaye yake yi.

Bafaranshen nan Condorcet ya bayyana wannan a 1785. A 1951 Ba'amurke Kenneth Arrow ya tabbatar cewa, muddin abubuwan zaɓi sun kai uku, babu hanyar haɗa jerin mutane da za ta cika dukkan sharuɗɗan adalci da ya gindaya, kuma kullum ta fid da jeri tsayayye.

Abin tsoron shi ne, a irin wannan hali abin da aka bari a ƙarshe shi ke ci. A fara da rijiya da gidan likita, lakwal za a gina. A fara da gidan likita da lakwal, rijiya za a haƙa. Mai jan ragamar taro ya yanke hukunci tun kafin a ɗaga hannu, ko da bai yi niyya ba.

Ma'aikatan poroje sukan ba kowa tsakuwa goma ya raba a kan bukatun. Wannan ta fi, a ganina, don tana nuna ƙarfin so, ba jeri kawai ba. Sai dai mai wayo zai zuba gomarsa duka a kan abu ɗaya, ya danne wanda ya raba tasa bisa gaskiya.