Injin da ya tsaya bai mutu ba: guntulewar yatsu a wuraren ɗura abinci cikin leda

1. Gabatarwa

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, ƙananan masana'antu masu ɗura ruwan sha, madara ko gari cikin leda sun yawaita. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana yadda injinan wannan aiki ke cin yatsun ma'aikata, tare da nuna cewa haɗarin ya fi aukuwa sa'ad da ake zaton injin yana tsaye.

2. Yadda injin yake aiki

Leda tana warwarowa daga naɗinta, ta zagaye wani bututu, abinci ya zubo cikinta. Daga ƙasa akwai ƙarafa biyu masu zafi, waɗanda za mu kira muƙamuƙai. Su ne ke haɗuwa su liƙe bakin ledar, wuƙar da ke tsakaninsu ta yanke ta. Injin ruwan leda yakan yi haka sama da sau 30 cikin minti guda. Ke nan hannun da ya shiga tsakani ba shi da zarafin fita: ƙarfe ya murƙushe shi, zafi ya ƙona, wuƙa ta datse.

3. Lokacin haɗari

Muddin aiki na tafiya daidai, ba mai kusantar muƙamuƙan. Sai leda ta cushe, ko wankin inji ya zo, ma'aikaci ke zura hannu. Abubuwa huɗu ne kan tada injin a wannan hali:

a) idon lantarki da ke tsaida shi yakan sake shi da zarar an janye abin da ya toshe;
b) a injinan da ke aiki da matsattsiyar iska, wadda ta rage cikin bututu tana iya rufe muƙamuƙan ko da an kashe wuta;
c) abokin aiki da bai ga mai gyara ba yakan danna maɓalli;
d) in wuta ta ɗauke, wasu injinan sukan tashi da kansu da zarar ta dawo.

Ƙari ga haka, inda ake biyan mutum gwargwadon yawan ledar da ya fitar, tsaida inji hasara ce gare shi. Shi ya sa akan cire murfin kariya don sauri. Sabili da haka, ɗora laifi duka bisa sakacin ma'aikaci bai isa bayani ba.

4. Kariya da doka

Yarjejeniya mai lamba 119 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (1963), wadda Nijar ta amince da ita, ta hana sayarwa ko amfani da inji marar murfin kariya. A Amurka, tun 1989 doka ta tilasta kulle inji kafin gyara. Da Faransanci ana kiran wannan « consignation ». Matakan su ne: a yanke wuta daga tushe, a saki iskar da ta rage, mai gyara ya sa kwaɗo ya riƙe makullin a aljihunsa, sannan a danna maɓalli a tabbata injin ba ya motsi. A Nijar, wajibi ne mai masana'anta ya sanar da CNSS haɗarin aiki cikin awa 48, don ma'aikaci ya samu magani da diyya.

5. In abin ya auku

A danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Guntun yatsan a naɗe shi cikin ƙyalle mai ɗanshi, a sa a leda a ɗaure, a tsoma ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kanta. A garzaya asibiti da shi, don sanyi yana tsawaita lokacin da likita zai iya maida yatsan.

6. Kammalawa

Mai aikin ƙarfi hannunsa ne jarinsa, kuma da shi iyalinsa ke ci. Kuɗin kwaɗo bai taka kara ya karya ba. Abin da ke da wuya shi ne mai masana'anta ya yarda aiki ya tsaya na ƴan mintoci duk lokacin da hannu zai shiga inji.