Idan Ƙashin Baya Ya Lotsa: Aikin Ƙusa Da Siminti A Ɗakin Fiɗa

Ba kowace karayar baya ce take zuwa da hatsarin mota ko faɗowa daga bisa itace ba. Akwai tsohuwar da za ta sunkuya ta ɗauki tulu, sai ta ji wani abu ya soke ta a tsakiyar baya, mutanen gida su ce sanyi ne. Bayan 'yan watanni sai a ga tsawonta ya ragu, doro ya soma fitowa. Alhali kuwa ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayanta ne ya lotsa, saboda tsufa ya zaizaye shi daga ciki.

Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa 33 ne da aka ɗora kan juna. Gaban kowane ɗaya dunƙule ne mai kama da turmi, shi ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin jiki, a bayansa kuma akwai kafar da laka take bi. In nauyi ya fi ƙarfinsa, gaban ne yake durƙushewa, bayan ya tsaya. An fi samun wannan a mahaɗar ƙasusuwan ƙirji da na ƙugu, domin na sama haƙarƙari ya ɗaure su, na ƙasa kuwa suna lanƙwasawa.

To, a nan ne matsalar take. Mai karatu ya gwada ɗaukar bokitin ruwa a manne da jikinsa, sa'an nan ya miƙa hannu da shi gaba. Ruwan bai ƙaru ba, amma wuyar ɗaukarsa ta ninka. Haka yake ga bayan da ya rankwafa: kai da ƙirji sun matsa gaba, nauyinsu ya ƙara danne gaban sauran ƙasusuwan, karaya ɗaya ta share wa ta biyu hanya.

A 1983 wani likita mai suna Francis Denis ya kasa gadon baya ginshiƙi uku, watau na gaba, da na tsakiya, da na baya. In na gaba kaɗai ya taɓu, ginin yana nan tsaye, kuma galibin irin waɗannan majinyata ba su bukatar wuƙa. Maganin zafi da rigar tallafi sukan wadatar cikin wata biyu zuwa uku. In kuwa na tsakiya ya fashe, ɓarɓashin ƙashi yana iya kutsawa ya danne laka, ƙafafu su shanye.

A irin wannan hali likita yakan ɗaura ƙusoshi masu murɗi a ƙashin da ke sama da wanda ke ƙasa da karayar, ya haɗa su da sandunan ƙarfe biyu, dabarar da Raymond Roy-Camille na birnin Paris ya yi fice a kanta. Nauyin jiki sai ya bi ta ƙarfen ya tsallake inda ya karye. Amma fa aron lokaci ne kawai. In ƙashin bai haɗe ba, ƙarfen zai gaji ya karye kamar wayar da ake ta lanƙwasawa. A ƙashin tsofaffi kuwa ƙusa takan yi sako-sako, tamkar an kafa ta a azarar da gara ta ci.

Tsofaffin su ne suka fi cin moriyar wata hanya ta dabam. A 1984, a garin Amiens na Faransa, likitoci Galibert da Deramond suka tura wani irin siminti na asibiti ta allura cikin ƙashin wuyan wata mai jinya, ya daskare ya tallabe shi daga ciki. Daga baya aka juya dabarar ga ƙasusuwan da suka lotsa. A 1998 aka amince a Amurka da ƙarin wani mataki: a fara zura balan-balan a hura ta, ta ɗaga ƙashin, kafin a cika gurbin.

Simintin ma yana da nasa aibin. Yakan tsiyaya ta tsagar ƙashi, kuma ya fi ƙashin da ke maƙwabtaka da shi tauri nesa ba kusa ba, har likitoci suna ta muhawara ko yana jawo karayar na kusa. A 2009 wasu gwaje-gwaje biyu da aka buga sun nuna cewa waɗanda aka zuba musu shi ba su fi waɗanda aka yi wa aikin ƙarya samun sauƙi ba. Tun daga nan likitoci masu hankali suka ƙara tsantseni wajen zaɓen wanda za a yi wa.

A ƙasar nan akwai abin da ya wajaba a tantance tukuna, domin tarin fuka da ciwon daji su ma suna cinye ƙashin baya har ya lotsa, kuma ba a zuba siminti inda ƙwayar cuta take ci. Karan maɗori, duk da amfaninsa a hannu da ƙafa, ba ya isa ga ƙashin da ke binne cikin nama. Wanda ya faɗi ko mota ta buge, a kwantar da shi a miƙe kan katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi a kujerar taksi, a nufi inda ake ɗaukar hoto. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, da Igbobi a Ikko, da Enugu suna karɓar irin waɗannan majinyata.