Taswirar Kwazazzabon Kogin Kolorado da Sunayen da ke Cikinta

Taswirar tudu da kwari ita ce wadda ke nuna hawa da gangaren ƙasa, ba garuruwa da hanyoyi kaɗai ba. Ana yin haka da layuka, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. Inda layukan suka yi nesa da juna, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Inda suka matsu, gangare ne mai tsanani.

Babu inda wannan dabara ta sha wuya kamar Grand Canyon, watau babban kwazazzabon da Kogin Kolorado ya haƙa a hamadar tudu ta Arizona, a Amurka. Tsawonsa mil 277 ne, zurfinsa kuwa wajen mil guda. John Wesley Powell ya ratsa shi a kwalekwale cikin 1869, amma taswira mai inganci sai da François Matthes ya fara awo a 1902, aka buga ta a 1906. Ƙafa 50 ya bari tsakanin layi da layi. To, akwai wani bangon dutse, Redwall, mai tsayin ƙafa wajen 500, a miƙe tsaye kamar garu. Layuka goma ke nan za su hau kan juna su zama baƙin zane ɗaya, wanda ba ya ƙirguwa. Mai karatu da bai saba ba sai ya ɗauka hanya ce.

Ga mai nazarin harshe, sunaye sun fi layukan jan hankali. Kolorado kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta ja, saboda jan laka. Amma tun da aka datse kogin a Glen Canyon cikin 1963, ruwan yakan fito kore. Kaibab, sunan tudun arewa, daga harshen Paiute yake, watau dutse a kwance, kuma da wuya a sami siffar da ta fi wannan dacewa. Clarence Dutton kuwa, masanin duwatsu, ya laƙaba wa wani tsauni sunan Vishnu, abin bautar Hindu, alhali wurin ba shi da dangantaka da Indiya ko kaɗan.

Wani lambu mai ruwa a cikin kwazazzabon, inda Havasupai suke noma kafin a kore su a shekarun 1920, an daɗe ana rubuta shi Indian Garden. Sai a 2022 hukuma ta mayar da sunan Havasupai Gardens.