Korona da kwanon abinci a yankin Cadawa: ina tsoro ya nufa, ina haɗari yake?

Ranar 19 ga Maris 2020 Nijar ta tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona, a Yamai. A waɗancan makonni gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu, ta hana sallar jam'i, ta killace babban birni. A Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi kuwa, inda kasuwar mako-mako ce rumbun kowa, annobar ta tayar da tambayar abin da za a ci a kwana lafiya, da wanda za a yarda da maganarsa a kai.

A wannan yanki yarda da abinci ta rataya ne a kan mai sayarwa. Mai sayen fura da nono ya san Bafulatanar da ke kawowa da rugar da take fitowa. Mai sayen tsire yana ganin mahauci ya yanke naman, ya barbaɗa ƙuli, ya jera a bakin wuta. Tambarin hukuma da ranar lalacewar kaya ba su da gurbi a cinikin tiyar gero. Abin da ake dubawa shi ne yankan Musulmi ne, da zafinsa ne, kuma gidan wa ya fito. Wannan ma'auni yana kama mai algus, amma ƙwayar cuta ba ta da wari balle launi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu shaidar korona na yaɗuwa ta abinci; numfashi da cunkoso ne hanyarta. Saƙon bai zauna ba, saboda dalilai uku. Na farko, gani ya kori ji: har ƙarshen 2020 waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar ba su kai 4,000 ba, akasarinsu a Yamai, don haka da yawa suka riƙa cewa ciwon Turawa ne ko na masu hawa jirgi. Na biyu, rufe masallatai har zuwa 13 ga Mayu, da azumi a tsakiya, alhali kasuwanni na ci, ya sa mutane zargin duk abin da ya fito daga bakin hukuma. Na uku, saƙonnin murya na WhatsApp sun fi sanarwar rediyo sauri, kuma daga ɗan'uwa suke zuwa. Ta nan citta, tafarnuwa da lemun tsami suka zama rigakafi a bakin jama'a. Tazargade ma ta samu daraja bayan shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya tallata jiƙonsa a Afrilu 2020.

An taɓa ganin irin wannan. A Fabrairu 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna sannan a Magarya, mutane suka ƙaurace wa kaji da ƙwai, ko da yake dafuwa sosai na kashe ƙwayar. A 2014, jita-jitar Ebola ta sa mutane a Najeriya shan ruwan gishiri, har wasu suka rasa rai.

Sakamakon da ya fi taɓa gida na aljihu ne. Tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Manomin wake, riɗi da aya a Agye da Gazawa, da mai kai dabbobi Jibiya, sun sha wahalar fitar da kaya, sai korona ta ƙara ƙulli. Idan kuɗin cefane ya ragu, uwargida araha take nema, ingancin kaya ya biyo baya. A Gidan Rumji, inda dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka sauka tun 2019, matsin ya fi tsanani.

Haɗarin gaske yana cikin ruwa da ajiya. Cutar amai da gudawa ta 2018 ta faro daga Madarumfa ta bazu cikin jihar Maraɗi. A 2021, ana tsakiyar maganar korona, ta dawo ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwan da aka dama fura da shi, da kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ya wanke kafin tuwo, sun fi takunkumin baki muhimmanci a nan. Haka wake da aka zuba wa maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba, da gyaɗar da ta yi fumfuna.

Akwai darasi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi. An karɓe shi ne domin an rufe wake a gaban jama'ar gari, aka buɗe bayan watanni, kowa ya ga babu ƙwaro kuma babu magani. Saƙon tsabtar abinci ma haka yake bukata: a nuna shi a kasuwa, ya fito daga bakin liman, sarkin fawa da masu tuwo-tuwo, tare da ruwa mai kyau da sabulu a kusa, kuma a fara tun kafin wata annobar ta zo.