Rumbu da Zumunci: Yadda Ake Auna Farin Ciki a Damargu

Tun daga 2012 ake fitar da rahoton farin ciki na duniya, wanda ke jera ƙasashe bisa amsar tambaya guda. Ma'aikatan kamfanin Gallup kan ce wa mutum ya ɗauki rayuwa kamar tsani mai matakai daga sifili zuwa goma, sannan ya faɗi matakin da yake tsaye. Finlan ce ke kan gaba tun 2018, Nijar kuwa a yawancin shekaru tana bayan ƙasashe ɗari, makinta na yawo tsakanin 4 da 5. Wanda ya san Damargu ta Nijar zai yi murmushi in ya ji wannan tambaya, don manomin Gangara ko makiyayin Tarka in ka tambaye shi gida, "sai godiya" zai ce maka, ko da rumbunsa ya yi wayam tun kafin ruwan farko. Daga nan wasu suka ce lissafin Turawa bai san mutanenmu ba, talaka ya fi mai kuɗi barci. Wasu kuma suka ce lissafin gaskiya ne, ba abin da ke cikin talauci sai baƙin ciki. Duka biyun sun yi gajen haƙuri da maganar. Abin da bincike ke lalube, Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna, wato rufin asiri, kuma Damargu, ƙasar Tanut da Belbeji, na cikin wuraren da aka fi ganin yadda yake ginuwa da yadda yake rushewa.

A fara da rumbu. A ƙarni na 19 Damargu ce ke ciyar da Abzin. Ayarin Abzinawan Kel Ewe kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi, kuma cikin irin wannan ayari ne matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a watan Janairun 1851. Amma ƙasa ce da ke kan iyakar noma, inda ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 300 ba, damina ɗaya in ta yi gardama sai labari ya sha bamban. Saboda haka mai cewa dukiya ba ta sayen kwanciyar hankali ya yi a hankali da bakinsa a nan. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun duba amsoshin Amurkawa sama da 450,000, suka ga cewa rashin kuɗi yana ƙara wa kowace masifa zafi: ciwo, mutuwar aure da kaɗaici duk sun fi cizon wanda hannunsa ba komai. Wani bincike da aka buga a 2013 ya fi kusa da mu. An gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi da bayan girbi, aka tarar mutum ɗaya ya fi kaifin tunani bayan kuɗin rake sun shigo. Lissafin abin da za a ci gobe yana cinye hankali kamar yadda gara ke cin azara. Duk matar da ta taɓa auna tiyar ƙarshe a tsakiyar damina, hatsin gona bai nuna ba, na kasuwa ya yi tsada, ta san haka ba tare da an gwada ta ba.

Sai dai yunwa a Damargu ba ciki kaɗai take ci ba, kuma nan ne maganar ta fi zurfi. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, yunwar 1984 da aka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a shekarar, da matsin 2005, kowace ta bar tabo iri guda. Mata sun fita jeji neman anza, suna jiƙa ta kwanaki don ɗacin ya fita, kuma an rayu. Abin da ya fi wuyar warkewa shi ne magidancin da baƙo ya yi masa sallama bai iya fito masa da fura ba, da makiyayin da ya wayi gari yana bin layin rabon abinci a gefen gari. Rufin asiri yana nufin ka samu abin da zai hana ka roƙo, har ya rage maka ɗan abin da za ka miƙa wa wani. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, karamci da mutunci na cikin halayen da ya lissafa. To, karamci hali ne da ke bukatar hatsi. Wanda aka raba da ikon bayarwa an cire shi daga sahun mutanen da ake lissafi da su.

Sai kuma zumunci. Masu binciken jami'ar Harvard sun fara bin rayuwar samari 268 a 1938, daga baya aka haɗa da yara 456 na unguwannin talakawan Boston, aka bi su har tsufa. Abin da ya fi hasashen lafiyarsu da jin daɗinsu a ƙarshe shi ne ingancin dangantakarsu da mutane. Fulanin daji da ke kiwo a arewacin Damargu ba su jira Harvard ba. Suna da habbanaye: mai shanu ya ba ɗan'uwa ko aboki aron karsana, ya riƙe ta yana shan nono har ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Hikimar tana cikin mayarwar. Sadaka takan bar mai karɓa a ƙasa, amma wanda ya mayar da saniya lafiya lau ya nuna shi mai amana ne, gobe kuma shi ma yana iya ba wani. Gayya a gona da adashin mata duk kan wannan doron suke. A Nijar ma an gwada irin wannan da ma'aunin zamani. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2022 ya bi matan da ke karɓar tallafin gwamnati na wata-wata. Ban da waɗanda aka bari don kwatance, dukansu an sa su cikin ƙungiyoyin adashi an koya musu sana'a, sannan wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000, wasu aka ƙara musu horon amincewa da kai da zaman tattaunawa da jama'ar gari, wasu aka haɗa musu duka. Kowane rukuni ya samu ƙarin arziki da kwanciyar hankali, kuma horon nan da bai ci kuɗi da yawa ba ya biya kansa.

Mai gardama zai ce duk wannan haƙuri ne aka yi wa ado. Masanin tattalin arzikin nan Amartya Sen ya daɗe yana gargaɗi cewa wanda ya saba da rashi yakan rage burinsa har ya daina jin an cuce shi, don haka godiyarsa ba hujja ba ce ga masu mulki. Gargaɗin na da ƙarfi, kuma kunyar Bahaushe ta ƙara masa ƙarfi, tunda kai kuka ga baƙo tonon asiri ne. Amma akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Shigehiro Oishi da Ed Diener sun duba ƙasashe 132 a binciken da suka buga a 2014, suka ga mutanen ƙasashe masu arziki sun fi gamsuwa da halin rayuwarsu, na ƙasashe matalauta kuma sun fi jin cewa rayuwarsu na da manufa, kuma addini ne babban dalili. Kenan mutum ɗaya yana iya ɗora kansa a mataki na huɗu, sannan ya tabbata zamansa a duniya ba banza ba ne, kuma duk biyun gaskiya ya faɗa. Wadatar zuci da malamai ke koyarwa tana tsare ɓangare na biyu. Ba ta taɓa gina rijiya ba, bai kuma kamata wani shugaba ya fake da ita ba.

Gardama ta biyu ta fi ciwo: zumunci kansa kaya ne. Damargun da ke cika ayari da hatsi ƙasa ce da bayi da talakawa ke noma wa iyayen gijinsu, wannan ba abin kewa ba ne. A yau ma nauyin karamci yakan sauka kan matar da ke daka da ɗibar ruwa, da saurayin da ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya, wanda duk dangi ke jiran aikensa. Kuma habbanaye na aiki ne in masifa ta faɗa wa gida ɗaya. In fari ya kashe shanun kowa a lokaci guda, mai bayarwa da mai karɓa duk layi ɗaya suke bi. Wannan ne iyakar zumunci, kuma daidai nan aikin hukuma ya fara: bankin hatsi da ke buɗewa kafin tsada, abincin dabbobi kafin su faɗi, burtali da mashaya da ba a nome ba, don kada manomi da makiyayi su koma abokan gaba alhali ɗaya na bukatar taki ɗaya na bukatar kara. Masu ɗauke da tambayar tsani kuwa, in za su zo Belbeji, ya kamata su rubuta watan da suka zo, don amsar Yuli da ta Nuwamba ba za su zama ɗaya ba.