Madobiya Da Laikin: Halittu Biyu A Ƙasar Suleja

Duk wanda ya ratsa Madalla zuwa Suleja ya ga Dutsen Zuma. A jikin duwatsu irin wannan, da ɓawon tsofaffin itatuwa, akan ga wani abu manne kamar tabo, toka-toka ko ruwan ɗorawa. Masana suna kiransa laikin. A dazuzzukan wannan yanki kuma akwai madobiya, mai fitar da fure rawaya lokacin rani.

Madobiya tsiro ce cikakkiya, mai saiwa da ganye da fure da iri. Masana sun sa ta cikin dangin wake da gyaɗa da tsamiya, da sunan Pterocarpus erinaceus. Laikin kuwa ba tsiro ba ne. Tarayya ce ta halittu biyu: wani dangin funfuna da naman kaza, wanda ke ba da mafaka da danshi, da kuma gansakuka, wadda ke haɗa abinci da hasken rana. Simon Schwendener, masani ɗan ƙasar Siwizalan, shi ya fara bayyana haka a 1867. Saboda haka a rukunin funfuna ake lissafa shi, kuma ire-irensa sun kai wajen 20,000 a duniya.

Wajen kariya ma sun bambanta ƙwarai. Saran madobiya ya yi tsanani sa'ad da 'yan kasuwa suka shiga fitar da katakonta zuwa ƙasar Sin domin yin kayan ɗaki. A 2016 aka sa ta cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da ita sai da izini. A 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, ƙungiyar IUCN kuma ta lissafa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Makiyaya ma abin ya shafe su, domin ganyenta abincin dabbobi ne idan ciyawa ta ƙare.

Laikin ba shi da irin wannan gata. A 2003 iri biyu kacal aka sa a jerin IUCN, kuma mafi yawansu har yanzu ba a auna halin da suke ciki ba. Rashin suna a jeri ba shaidar tsira ba ce. Waɗansu ba sa wuce milimita kaɗan a shekara, don haka fasa dutse ko ƙunar daji na rana guda kan share abin da ya shekara da yawa yana girma. Hayaƙi mai guba ma yana kashe shi.

Ana roƙon jama'a su guji cinna wa daji wuta, wanda kuma ya ga ana saran madobiya ba da izini ba ya sanar da malamin daji ko mai unguwarsu.