Kaka mai shekara talatin: daga farantin talla zuwa ɗakin miji

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, Illela, Birnin Ƙonni ko Maigatari ya san 'yan matan da ke kawo mana fura da ƙosai har bakin rumfa. Da yawansu kafin su cika shekara 16 za mu ji an ɗaura musu aure. Idan muka bincika, iyayensu mata ma a wannan shekarun suka shiga ɗaki. Wadda ta haihu tana da 15, 'yarta ta haihu a 15, to ta zama kaka tana da 30.

Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 a Nijar ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Jihar Maradi na cikin inda abin ya fi yawa.

Mu a ganinmu, talla ce igiyar da ke ɗaure uwa da 'ya. Matar da aka cire daga makaranta aka aurar, sana'ar da ta rage mata ita ce ta cikin gida: suya, dakan fura, ƙuli-ƙuli. Ita ba ta fita, saboda haka yarinya ce ƙafarta. Ribar kuma a kayan ɗakin yarinyar ake zubawa, kwanuka da gado da katifa. Ranar kasuwa ta fi ranar aji. Da ta fara girma samari suka soma tsayawa a gaban farantinta, sai tsoron abin kunya ya kama gida, a ce gara a aurar. Mu da ke sayen furar, kuɗinmu na cikin wannan lissafi.

Jikin yarinya ne ke biyan bashin. Ƙugun da bai gama ƙwari ba yana jawo doguwar naƙuda, daga nan yoyon fitsari, cutar da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da kuma Danja kusa da Maradi, inda aka buɗe cibiya a 2012.

A Disamban 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar riƙe 'ya mace a makaranta har shekara 16. Amma dokar ba ta faɗa wa uwa wanda zai ɗaukar mata faranti ranar kasuwa ba.